Abokan Tarayyar Baba

Tun da Baba ya yi ritaya daga sakatariyar ƙaramar hukuma ya samu sabuwar sana'a, wato kallon waya bayan la'asar. Mutanen unguwarmu, Kusfa, in sun ga Malam Sharfaddeen a bakin zaure, tabarau a kan hanci, sai su ɗauka azkar yake yi. Ina! Kasuwar hannun jari ta Amurka ce ke buɗewa wajajen lokacin, shi kuma ya zuba wani abu daga giratutinsa a manyan kamfanonin fasaha, masu ƙera wayoyi da masu na'urorin nan da aka ce suna tunani. Abin da ya saya bai taka kara ya karya ba, amma in yana ba da labari sai ka rantse ba a yanke shawara a can sai an ji ta bakinsa.

"Kulu," yakan ce wa Innarmu, "yau abokan tarayyata sun yi kasuwa."

Inna ba ta yi boko ba, amma ta san tarayya. Mahaifinta da wani Bakano suka yi cinikin fata tare, kuma da ya rasu Bakanon nan ya zo har Ƙofar Gayan ya zauna karɓar gaisuwa kamar ɗan gida. Don haka in Baba ya shigo tsakar gida yana kwatanta mata wani gari mai sanyi a bakin teku, da gine-ginen gilashi, da ɗakuna cike da na'urori jere kamar buhuna a sito, sai ta bar tsintar shinkafa ta tsaya tana kallon sama. A ranta mutanen nan dattawa ne masu natsuwa, waɗanda suka duba duniya kaf suka zaɓi mijinta. Ranar da layin farashi a wayar ya yi ja, alamar faɗuwa, har addu'a take yi musu, Allah ya kawo sauƙi.

Da damina Baba ya rasu, bayan 'yar gajeruwar jinya. Gidan ya cika maƙil. 'Yan sakatariya sun zo, mutanen masallaci sun zo, har mai gyaran rediyonsa ya zo yana share hawaye. Ni dai na lura akwai wata sabuwar tabarma da Inna ta hana a shimfiɗa wa kowa. Na tambaye ta ta wa ce.

"Ta baƙin Malam ce," in ji ta. "Hanyarsu da nisa."

Ni Sa'adatu, malamar sakandare, wadda ba ta barin kuskure ya wuce ko na ɗan wane ne, na kasa gyara wannan.

Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai. Yayana Jibril ya fara zancen a sayar da hannun jarin kafin rabon gado. Shi a ganinsa farashin kamfanonin nan kumfa ce kawai, duniya ta ruɗe da ƙirƙirarriyar basira, ranar da za a farka kuwa talaka ne zai ji a jikinsa. Ni kuma na ce a bari. Na ce ya leƙa titi ya gani, daga mai shayi har liman kowa da waya a hannu, wa zai ce masu wannan abu za su faɗi? Muka yi ta yi, shi da abin da ya ji a rediyo, ni da abin da na karanta, kowannenmu yana magana kamar ya taɓa taka ƙasar.

Inna ba ta ko kalle mu ba. "Ba a raba tarayya kafin a yi gaisuwa," ta ce. "Ki faɗa wa yayanki ya dakata."

Tana cikin takaba, ba ta fita, sai ta mai da la'asar lokacin jira. Takan zauna a ƙofar ɗakinta ta ba ni labarin zuwansu kamar tana ganinsu. Wai za su sauka a Ƙofar Galadima, mota ba za ta shiga lungunmu ba, sai su tako da ƙafa suna tambaya. Za su ɓata, ai kowa ma yana ɓata a Kusfa. Wata mai ƙosai za ta nuna musu gida. Za su cire takalma a zaure, babbansu ya ce Malam mutum ne mai amana, bai taɓa gudu ba ko da kasuwa ta yi ja. Har ta yanke cewa fura za a dama musu, ba yaji, tunda mutanen sanyi ne. Wani lokaci ina sauraronta sai in ji ni ma na kasa kunne ga zaure. Abin yana ba ni haushi, yana kuma ba ni tausayi.

Ranar sadakar arba'in, bayan an watse, Jibril ya kawo wayar Baba ya ajiye a gabana, ya ce aƙalla mu ga inda aka kwana. Na sa lambobin sirrin da na sani, manhajar ta buɗe, komai kore shar. A sama kuma ga rubutu da Turanci.

"Me suka ce?" in ji Inna.

"Sun ce, barka da dawowa, Sharfaddeen."

Sai na ga fuskarta ta saki, kamar an sauke mata kaya.

"Ashe ba su ji ba! Laifinmu ne, ba mu aika ba. Rubuta musu."

Akwai wurin da ake rubuta ƙorafi, nan na shiga. Ta gyara lulluɓinta ta faɗa, ni ina juyawa da Turanci. A gaya musu Allah ya yi wa Malam Sharfaddeen na Kusfa rasuwa, an yi masa sutura kamar yadda addini ya tanada. A gaya musu ya rabu da su yana yabonsu. In akwai wanda ya saɓa wa a cikinsu, iyalinsa na roƙon a yafe masa.

Ban gama sauke yatsa ba amsa ta shigo. Inna ta yi murmushi, ta ce ka ji mutanen kirki, ko jinkiri babu. Na karanta a zuci, na kalli Jibril, ya sunkuyar da kai.

"Faɗa mini, Sa'adatu."

"Inna, sun ce kafin su duba maganar, mai asusun ya kalli wayar ya ƙifta ido, don su tabbatar shi ne."

Ta sa na maimaita. Na maimaita. Ta karɓi wayar ta riƙe da hannu biyu, ta dubi da'irar da ke jiran fuska, sannan ta kife ta a ƙasa a hankali. Ba ta tambayi farashi ba, ba ta tambayi wanda ya yi gaskiya tsakanina da Jibril ba. Ta juya wajen ɗan farinta, wanda ba ta taɓa kiran sunansa ba.

"Kai," ta ce, "ka bi duk hanyar da ake bi. Ka fitar mini da mahaifinku daga cikinsu."