Hasna Ta Zo da Shawara

Hasna ta tsaya bakin madafa, ba ta ko kwance mayafi ba. Ya Kellu, tsohuwar da ta ba ta ɗaki a Diffa tun da suka tsallako kogin Komadugu da gudu, tana yayyafa tattasai a miyar kifi. Ga kwanon wanke hannu nan, ɗaya tal. Manya su fara tsomawa, baƙuwa ta ƙarasa da ruwan da ya koma kamar kunu.

A wajen awo, malamar likita ta faɗa ƙarara: ciwon shawarar nan ta ruwa da hannu yake bi, kuma masu ciki yake ɗauka. A zuba daga buta, a sa sabulu. To, ita Hasna mai cikin wata bakwai, da wane baki za ta ce wa matar da ta rufa mata asiri ruwanta ƙazanta ne? Tsoro take ji, na ciwon da na kora.

"Ya, daga likita nake," ta ce a hankali. "Na zo da shawara."

Ludayi ya tsaya. Tsohuwa, wadda Hausarta ta kasuwa ce, ta leƙa idon Hasna.

"Shawara? Wayyo 'yata."

Kafin Hasna ta ce ba ciwon take nufi ba, magana ce, an ware mata kwano, an ware buta da bidon ɗin ruwa, har da sabon sabulu. Aka tura ta ɗaki, aka saki asabari.

"Kar ki fito. Kowa ya nisance ta."

Abin nema ya samu, amma a kurkuku. Ɗaki kamar tanda, ba mai gaishe ta. Idan ta gyara maganar, ta koma kwanon wanke hannu na kowa. Ta ja bakinta.

Da azahar ta leƙa ta asabari. An zauna cin abinci. Balkisa, surukar gidan, tana jan jiki da nata cikin, ya ma fi na Hasna tsufa, tana jiran kwanon ya iso gare ta. Hannu huɗu sun riga sun shiga.

Hasna ta nemi gafarar Allah a zuci kan ƙaryar da za ta yi.

"Ya Kellu," ta kira. "Ku dubi idon Balkisa da kyau. Jiya moɗa ɗaya muka sha."