Motar Baba Ɗanmaraya

Yatsun hannun hagu na Baba Ɗanmaraya sun fara lanƙwashewa ciki kamar ƙafar kazar da aka yanka. Wata biyu da suka wuce ba haka suke ba, kuma duk gidan babu wanda ya san dalili sai ɗansa na fari, Shafi'u.

Shekara talatin da ɗaya tsohon ya yi yana jan babbar mota tsakanin Katsina da Maraɗi, har 'yan duwan, wato jami'an kwastan na tsallake, suka san tarinsa. Da ɓarin jikinsa ya shanye, 'yarsa Zulfa ta samo masa wata tsohuwar kwamfuta da faifan wasan tuƙin motar kaya. Maɓalli huɗu ne wasan. Hannun dama yana juya motar, na hagu yana ba ta wuta da taka birki. A nan ne yatsun suka soma motsi, abin da man zafi ya kasa.

Shafi'u yana da shago a Magama, dab da shingen kan iyaka, inda yake buga wa direbobi takardun kaya. Shi ya koya wa kansa kwamfuta, kuma a ƙofar shagon ya liƙa takarda da manyan baƙaƙe cewa ba a buga gem a nan. Wata rana bayan azahar, Mudathir mai canjin sefa, wanda ya je gaida tsohon ya iske shi yana tuƙi, ya tare Shafi'u a bakin masallaci ya tambaye shi ko Baba ya sauke kaya a Maraɗi lafiya. Jama'a suka yi dariya. Shafi'u bai yi ba.

Ba a daɗe ba tsohuwar kwamfutar ta mutu don kanta. Shafi'u ya kawo wata ta tafi-da-gidanka daga shago mai sabuwar Windows, ya zura faifan, allon ya yi baƙi ya dawo, wasan ya ƙi tashi. Ya san maganin abin. Ya sha yi wa tsofaffin manhajojin shagonsa. Amma ya zare faifan ya ce sababbin kwamfutoci ba sa karɓar irin wannan, zamaninsa ya wuce.

Ƙarya ce. Ya yi ta ne don ba'ar Mudathir, sannan ya gaya wa kansa don Allah ya yi.

Tsohon bai ce komai ba, Shafi'u kuwa ya ɗauki shirun a matsayin yarda. Har ya riƙa faɗa a shago cewa Baba ya rabu da abin banza, yanzu carbi yake ja.

Ranar wata Talata Zulfa ta zo daga Bugaje, inda take aure. Ta kama hannun mahaifinta ta yi ƙoƙarin miƙe yatsun, suka koma. Ta sami wanta a zaure yana shirin komawa shago, ta ce ya ba ta kwamfutar da faifan, za ta kai wa Abdulbaƙi mai gyara a kasuwa ya gwada. Shafi'u ya ce ɓata lokaci ne, ai Baba ma bai ƙara maganar ba.

"Yaya, ka taɓa jin ya roƙe ka ko ruwan sha?" in ji ta. "Kai ne na fari. Sunanka ma bai taɓa kamawa ba tun da aka haife ka. Shi ne zai buɗe baki ya ce maka yana son wasa?"

Ta gaya masa cewa ita yake tambaya. Duk zuwanta sai ya ce ko an ji wani labari game da motar. Ya hana ta yi wa Shafi'u magana, wai kada a ɗora wa mai shagon nan abin da ya fi ƙarfinsa, tun da ya yi iyakar ƙoƙarinsa.

Shafi'u ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Shekara arba'in da shida ya yi yana ganin wannan kunyar ta ɗan fari, har yakan yaba ta idan yana yi wa mutane wa'azi, ya ce tarbiyyar mutanen da ce. Bai taɓa lura da cewa ita ya taka ya wuce ba. Ya kuma san idan faifan ya kai hannun Abdulbaƙi, kafin la'asar kasuwa za ta ji cewa aikin minti biyu ne.

Ya cire takalmin ya koma ciki.

Yana iya ɗaukar kwamfutar ya tafi da ita shago, ya kwana biyu, ya dawo yana share gumi. Tunanin ya zo masa, ya kuma daɗe a kansa fiye da yadda ya kamata. Sai ya durƙusa gaban tabarmar tsohon ya kunna ta a nan. Ya danna hoton wasan da gefen dama na linzamin kwamfutar, ya shiga inda ake sa sabuwar kwamfuta ta yi aiki irin na tsohuwa, ya zaɓi tsohon tsarin, ya rage girman hoton, ya amince. Ƙarar inji ta cika ɗakin.

Zulfa ba ta ma gama zuba fura ba.

Baba Ɗanmaraya ya dubi allon, ya dubi hannun ɗansa. Direban da ya san tsawon kowace hanya ba a ɓoye masa gajeruwa. Ya juya wajen Zulfa.

"Ki ce da mai shagon nan an gode. Ashe kusa ne."

Shafi'u ya so a zage shi. Ba a zage shi ba.

Tsohon ya jawo kwamfutar kan cinyarsa. Hannun dama ya sami wurinsa nan take. Na hagu ya ɗora shi da ƙyar, ya danna wuta da gaɓar yatsa, motar ta tashi. Da ta zo kwana ya nemi birki, yatsan ya ƙi buɗewa, motar ta daki shinge ta kife. Ya sake, ta sake kifewa a wuri ɗaya. A karo na uku ya tsaya kafin kwanar, yana kallon bango, kamar da bangon yake magana.

"Da za a samu mai riƙe birki."

Shafi'u ya matsa ta hagunsa ya zauna. Ya sa yatsansa a kan maɓallin, ya ɗora lanƙwasasshen yatsan tsohon a kan nasa. Suka sha kwanar.

Suna cikin miƙaƙƙiyar hanya aka yi sallama a zaure. Muryar Mudathir ce, ya zo gaisuwa shi da wasu mutum biyu. Zulfa ta dubi wanta, ta dubi murfin kwamfutar, wanda hannu ɗaya ya isa ya rufe.

Akwai wata kwana a gaba. Shafi'u bai ɗaga yatsansa ba.

"Ki ce su shigo," ya ce.