Akwatin Wuta Mai Wat Ɗari Takwas

Kwamfutar Mujtaba ta fara mutuwa ne a makon da ya karɓi aikin Alhaji Dikko na Argungu. Aikin fim ne na walimar saukar karatun 'yarsa Rauda, kuma sharaɗi ɗaya Alhaji ya kafa: a yanke wurin da yarinyar ta kakare a tsakiyar sura har malaminta ya ɗora ta sau biyu. Ranar Juma'a za a nuna fim ɗin ga dangin da suka zo daga Gaya, kafin su koma.

A shagonsa da ke unguwar Badariya, Mujtaba ya yanke wurin, ya jera sauran. Amma da zarar ya sa kwamfutar ta fitar da fim ɗin, sai fanka ta yi ƙara, allo ya yi baƙi. Kamar kowa a layin, wutar gari ya ɗora wa laifi. Ya canja sitabilaiza. Ya aro janaretan mai walda. Ba abin da ya sake.

Ranar Laraba ya ɗaura ta a bayan babur ya kai wa Abbas, mai gyara a bakin kasuwa, wanda suka yi makaranta tare. Abbas ya kwance murfin, ya ga sabon katin hoto da Mujtaba ya saka watan jiya, sannan ya nuna masa akwatin wutar da ke ciyar da kayan ciki. Ya ce ƙarami ne, ba zai ɗauki katin ba idan aiki ya yi nauyi.

Ya ajiye guda biyu a kan tebur. Ɗaya sabo ne fil a kwali, an rubuta masa ƙarfin wat ɗari takwas, ba shi da nauyi. Ɗayan na hannu ne, an ciro shi daga kwamfutar wani ofis, wat ɗari biyar da hamsin, da ƙura a fankarsa. Abbas ya ce shi da na hannun zai ɗauka, domin lambar da ke jikin irin wannan sabon ba kullum take zama gaskiya ba.

Mujtaba ɗan manoman shinkafa ne daga Zauro. A gidansu injin ban ruwa da faɗin bakinsa ake sayensa, mai inci uku ya fi mai inci biyu, ba a taɓa musu a kai ba. Kuma ba a kai tsohon inji fadama a lokacin da shuka ke jiran ruwa.

"Kai dai so kake ka rabu da kwantanka," in ji shi. "Ɗaura min wanga babban."

"Angon kyamara, kwamfuta ba fadama ba ce," in ji Abbas. Ya ɗaura masa abin da ya zaɓa.

Ranar Alhamis da hantsi fim ɗin ya yi nisa fiye da kowane lokaci. Ya wuce rabi. Sai aka ji ɗan ƙara kamar fashewar gyaɗa a wuta, warin ƙonannen roba ya cika shagon. Abbas ya zo ya duba, ya ce akwatin ya ƙone, ya tafi da babban allon ciki, kuma sai an aiko da wani daga Sakkwato, ba kafin Litinin ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci Mujtaba ya isa Argungu da kyamararsa da wayar haɗi guda. Ya gaya wa Alhaji Dikko gaskiya a zaure: abin da ke cikin kyamara kawai za a iya nunawa, yadda aka ɗauke shi, amma zai tsallake wurin da hannu. Alhaji ya dube shi, ya ce baƙi sun riga sun zauna.

Ya haɗa kyamarar da talabijin a falo, ya durƙusa a gefe, yatsansa a kan maɓalli. Da wurin ya matso ya danna. Hoton ya ruga da gudu, ana ganin malam yana sunkuyowa wajen yarinyar, ya koma, ya sake sunkuyowa. Wata gwaggo daga Gaya ta ce a mayar baya, ba ta ji karatun wurin ba.

Mujtaba ya waiwayi Alhaji. Alhaji yana kallon talabijin.

"Mayar mata," in ji shi.

Ya mayar. Rauda ta tashi ta shige ciki tun kafin muryar malam ta fito.

Da zai tafi, Alhaji ya raka shi har ƙofa, ya yi masa addu'ar sauka lafiya. Aikin ɗaukar bikin babban ɗansa da za a yi bayan Sallah, wanda suka fara magana a kai tun watan jiya, bai tayar da zancensa ba.