Tsintar Shinkafa a Barandar Baba Tafinta

"Kin sake yin shiru!" Baba Tafinta ya ƙwanƙwasa cokali a jikin kofin shayinsa. "Mai jawabin bai mutu ba, ke me ya kashe ki?"

Malama ta ɗago kai daga farantin shinkafar da take tsinta. Rediyo na kan taga yana ta zuba Faransanci, ita kuwa kalma ɗaya ce ta kuɓuce mata, sai bakin gaba ɗaya ya mutu.

"Baba, ban san Hausarta ba."

"To ki kewaye ta mana! Mutanen zauren taro ba su san kin ɓata ba sai kin yi shiru."

Malama tana koyar da Faransanci a sakandare, katanga ce kawai tsakanin gidansu da na tsohon. Shi kuwa ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ɗan ɗakin gilashin nan na bayan zauren taro, na'ura a kunne, yana juya maganar manya tun da zafinta. Da ya ji tana son zama jarrabawar tafintoci, bai jira ta roƙe shi ba. Da farko ya sa ta bin mai labarai kalma da kalma, tana ɗan bayansa kaɗan. Sannan ya sa ta juyawa zuwa Hausa. Daga baya ya ce dole kai ya iya aiki biyu, ya haɗa ta da tsintar shinkafa. Iya, matarsa, ita ta fi kowa cin ribar wannan makaranta.

"Ko ta faɗi jarrabawar, ni dai a bar min ita," in ji Iya daga kicin.

Ana dariya, amma abin yana cin Malama a rai. Ilimin akwai, shirun nan ne ya zame mata ƙarfen ƙafa, kuma ta san da shi ba mai sa ta gaban makirfo.

Jikin Baba ya daɗe yana ja da baya, bakin ne dai bai san an tsufa ba. Ranar ƙarshe ma daga kan gado ya leƙo ta taga ya ce mata, "Gobe jawabin masana tattalin arziki za mu yi. Ki zo da haƙuri, su kansu ba sa gane abin da suke faɗa." Washegari da hantsi tana cikin aji mijinta ya kira ta, ya ce Baba ya rasu. Ta zauna a kan bencin ɗalibai ta yi kuka mai isarta.

Ana zaman makoki sai ga wani dogon tsoho da sanda, abokin aikin Baba da suka yi shekaru suna karɓeɓeniya a ɗakin gilashi ɗaya. Ba ya jin Hausa ko ta gaisuwa, 'ya'yan gidan kuma babu mai Faransanci. Aka sa masa kujera a falo gaban Iya, idanu suka dawo kan Malama.

"Zo nan, 'yata," in ji Iya. "Ba don wannan kika cinye min yammacin miji ba?"

Baƙon ya fara magana, kuma irin ta masu sana'ar, bai tsaya jiran kowa ba. Malama ta bi bayansa. Ya ce wata rana ana tsakiyar babban jawabi kujerar Baba ta karye, ya faɗi rigingine, ƙafafu a sama. Bai fasa ba. Ya jawo makirfon ƙasa ya ci gaba da fassara daga kwance, har mai jawabin ya sauka.

Falon ya ɗauki dariya, har da masu hawaye a fuska.

"Shi ne! Wallahi shi ne," Iya ta ce tana tafa hannu. "Ya ce min zamewa ya yi a matakala!"

Sai muryar baƙon ta sauka. Ya faɗi wata magana doguwa mai laushi, da wata kalma a cikinta da Malama ba ta taɓa nema wa Hausa ba. Ga shirun nan ya taho, ta san shi sarai. Iya ta zuba mata ido tana jira.

"Kullum in an tashi taro," Malama ta juya maganar baƙon, "sai ya ajiye na'urar ya ce min, yau na yi magana da bakin kowa, bari in koma gida wurin wadda ke gane ni tun ban buɗe nawa ba."

Ba daidai da kalmar ba ce, amma saƙon ya isa. Iya ta ja mayafi ta rufe fuska.

Baƙon bai dubi Malama ba. Ya ci gaba da maganarsa, ita ma ta ci gaba da binsa. Yana cikin haka ya ɗauki gorar ruwan da aka ajiye masa, ya karkata kofi ya zuba a hankali don kada a ji ƙara, yadda tafinta ke yi wa abokin aikinsa in makirfo na kunne. Ya tura kofin da yatsa biyu har ya taɓa hannunta.