Ɗanyar Ciyawar Mala

Gwadabe masunci ne ɗan masunci, a wani ƙauye da ke bakin fadama kusa da Auyo. Ubansa ya bar masa gida da koma, da wani gurbi a kogi wanda kowa a garin ya san na gidansu ne tun kaka da kakanni. Katanga ɗaya ce tsakaninsa da Mala, Babarbare mai jakuna, wanda ke bin fatake ya kai kanwa Kano ya dawo da tufafi. Zamansu lafiya lau. In Gwadabe ya kwashe banda sai an kai tarwaɗa gidan Mala, in Mala ya sauka daga tafiya, 'Yar'azumi matar Gwadabe ba ta ƙara neman kanwa sai baɗi.

A shekarar da abin ya faru, ruwa ya yi sammako. Kogi ya fara tumbatsa tun gero bai nuna ba, Mala ya ga fadamar da yake yankar wa jakunansa ciyawa za ta nutse. Sai ya kira gayya aka yanke ta a gurguje, ɗanya sharaf, ga yayyafi bai ɗauke ba. Shanya kuwa ba a ma yi zancenta ba. Aka dinga danna ta cikin wani tsohon ɗakin ƙasa da ke jingine da katangar Gwadabe, ƙarti suna hawa suna tattakawa don ɗakin ya ci da yawa, har ta taɓo rufi. Mala ya ja ƙyaure ya liƙe da laka saboda awaki, ya tafi yana jin ya yi wa kogi wayo.

Kajin 'Yar'azumi ne suka fara sani. Bayan 'yan makonni suka daina shiga akurki, suka koma lafewa a gindin katangar. Gwadabe ya dafa wurin ya ji shi da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi, ga wani wari mai zaƙi-zaƙi irin na ƙanzo. Ya sami ramin gafiya ya zura hannu har gwiwar hannu, ya zaro da sauri yana yarfewa.

Ya zaga ya sami Mala a zaure, ya gaya masa ciyawarsa tana dahuwa, ya ce a buɗe ɗakin a baza ta, shi ma zai kama. Mala ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai da ka tsufa a cikin ruwa, Gwadabe, yaushe ka ga ruwa ya haifi wuta?"

Abin da Gwadabe ya sani kawai shi ne juji yakan yi tururi da safe ba wanda ya hura shi, kuma hannunsa bai yi masa ƙarya ba. Ya faɗi haka, Mala ya ce to in ta dahu jakuna sun huta da tauna.

Wata ranar Laraba da azahar, ko iska babu, rufin ɗakin ya yi baƙi daga tsakiya, sannan ya dare. Kafin a ɗebo ruwa wuta ta lashe zauren Mala da jakunan da ke ɗaure a turke, ta tsallaka gidajen da ke bayansa. Da safiyar ranar kuwa Gwadabe ya hura banda, a can ɗaya kusurwar gidansa, nesa da katangar.

Garin yana da al'ada: wuta ba ta rasa uba. Duk gobarar da ta tashi sai an nemo wanda ya hura ta, ya bar gari da iyalinsa har ranar da aka ga dama aka kira shi. Aka taru a ƙofar Bulama Shu'ibu, mai garin, kuma tun kafin a zauna kowa ya riga ya san uban wannan wutar, don hayaƙin banda ba ya ɓuya. Gwadabe ya faɗi abin da ya gani, da kajin, da ramin gafiya. Bulama ya saurara, ya sa aka kawo garwashi a kasko da damin ɗanyar ciyawa, aka kifa ta a kai. Garwashin ya yi cuu ya mutu. Jama'a suka yi ta gyaɗa kai, an ga hujja da ido. Ba wanda ya tsaya ya ce dami ɗaya a fili daban, ɗaki guda a danne a liƙe daban. Mutum in ya sami amsar da ta yi masa daɗi, ko da bulala ba ka raba shi da ita.

Gwadabe ya juya wajen maƙwabcinsa. "Mala, don girman Allah, ban zo na gaya maka ba?"

Mala yana tonon ƙasa da tsinke. Bai ce ya zo ba, bai ce bai zo ba. Wannan shirun ya fi korar ciwo, kuma shi Gwadabe ya ɗauka ya shiga jirgi da shi.

Suka sauka a wata tungar masunta wajen Kafin Hausa. Can Gwadabe ya san zafin baƙunta. Ba shi da gurbi, sai ya jira masu wuri su gama su bar masa saura, mutumin da a garinsu shi ke fara jefa koma. 'Yar'azumi ba ta kwance rabin kayanta ba, tana cewa zaman na ɗan lokaci ne. Shi kuwa yakan tsinci kansa yana fatan ruwa ya sake yin sammako, Mala ya sake danna ɗanyar ciyawa, wuta ta sake tashi ba banda a kusa, kowa ya gani. Sai ya yi istigfari, don akwai yara a gidajen nan.

Da damina ta zagayo, kogi ya sake cika da wuri. Auta, ƙanen 'Yar'azumi, ya zo duba su, ya ce Mala ya gina sabon ɗaki yana shirin gayya. Gwadabe ya yi ta kokawa da zuciyarsa, daga ƙarshe tsoron Allah ya rinjaya. Ya ce wa Auta ya je ya gaya wa Mala a gaban mutane, in ya sake tara ciyawa ɗanya, wallahi wuta za ta sake tashi a gidansa. Auta ya isar da saƙon kamar yadda aka ba shi.

Wajen kaka sai ga jirgin Auta da hantsi. Tun bai ɗaure ba ya ce an yi gobara, ɗakin Mala ne, da rana tsaka, ba murhu ko ɗaya a kusa, amma ba a rasa rai ba. Gwadabe ya yi hamdala. Ya ƙwala wa 'Yar'azumi kira ta haɗa kaya, ya fara naɗe komarsa yana tambaya ko Bulama ne ya aiko, ko kuwa Mala ne kunya ta hana shi zuwa da kansa.

Auta ya zauna a bakin jirgi bai taya shi naɗin ba.

"Yaya, ba kiranka aka yi ba. Sun ce ai ka faɗa, kowa ya ji saƙonka. Sun ce daga nan ka jefo wutar da asiri."

Ya ƙarasa sauran a hankali, idonsa a kan ruwan kogi. An rushe gidan Gwadabe, an ce kada a bar ko turmi. Gurbin da ya gada a kogi kuma an ba wani mutum. Bulama ya ce duk ranar da aka ga Gwadabe a mashigin garin, kada a bari ya taka tudu. Mala kuma ya sa an binne layu a kusurwa huɗu na inda zai tayar da wani ɗakin.

Gwadabe ya ajiye komar. Can ya tambaya ko a cikin masu gayyar an sami wanda ya ce a shanya ciyawar, ko mutum ɗaya. Auta ya ce a'a, ai kowa ya san jiƙaƙƙen abu ba ya cin wuta.

'Yar'azumi ta ji komai daga bakin bukka. Ta koma ciki ta jawo ƙullin da ba ta taɓa kwancewa ba tun zuwansu, ta sa haƙori ta warware igiyar, ta fara jera ƙorai a jikin bango.