Wanda Aka Cire Daga Ƙwarya

A ƙauyen Rijiyar Kalgo, can bayan Ollelewa, ba a fara yankan hatsi sai an sha ƙwarya. Da zarar zangarniya ta nuna, Ɗan Azumi mai maganin maciji yakan fito da wata tsohuwar ƙwarya da ta sha ɗinki, ya jiƙa sassaƙe da saiwoyi a ciki, ya zauna bakin rijiya. Gari duka ya jeru, maza da mata, har jariran goye ana ɗiga musu a baki. Wanda ya kurɓa ya shiga ƙwarya ke nan, dafin maciji ba zai kashe shi ba a wannan kakar. Sharaɗin ɗaya ne. Wanda ya sha, in maciji ya sare shi, allurar likita ba za ta taɓa jikinsa ba. Ran da ta taɓa, ƙwarya ta fashe ga duk wanda ya sa baki a cikinta.

Saboda wannan ruwa mai ɗaci mutanen garin ke shiga gona ba takalmi, su zura hannu ƙarƙashin dami ba su ko taɓa shi da sanda ba. Mai taka-tsantsan ma dariya ake masa, a ce bai yarda da abin da ya sha ba. In ka yi magana, amsarsu ɗaya ce: tun kakanni ba a taɓa binne wanda yake cikin ƙwarya ba.

Nafisa ba ƴar garin ba ce. Aure ya kawo ta daga Gangara, inda ta yi lakwal, makarantar boko, har ta iya karatu. Ita ma takan sha ƙwarya duk shekara, don kada a ce matar Ila ta raina mutane. Amma tana ƙarama ta ga kawunta da kububuwa ta sara, an kai shi likita, wato asibiti, a ranar, ya dawo da ƙafarsa. Ba ta manta abin da majo, babban ma'aikacin likitar, ya gaya wa danginta ba. Ya ce kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotsa. A kwantar da mutum, a hana shi motsa wurin, a ɗauko shi nan take. Ya ce mugun halin kububuwa shi ne ta bar mutum yana dariya, jininsa kuwa ya riga ya daina daskarewa.

Da hantsi abin ya faru. Ila, mijinta, yana kwasar dami zuwa amalanke, ya sa hannu ƙarƙashin wani da ya kwana a gona. Macijiya ce ƴar ƙarama, kalar yashi, ba ta kai kamu biyu ba. Ta same shi a bayan hannun dama. Ya take ta da dunduniya, ya ɗago ta a kan kara yana nuna wa maƙwabtan gona.

Kafin Nafisa ta iso daga gida da fura, an riga an ɗaure masa dantse da igiyar kaba, an zaunar da shi gindin aduwa. Ɗan Azumi ya tsattsaga wurin da aska, ya kafa ƙaho ya ja jini, ya shafa wani baƙin gari. Ta dubi macijin da aka yar a gefe. Nan take ta gane irinsa.

Ta jira mutane suka ragu, ta durƙusa kusa da mijinta, ta ce masa a hankali kububuwa ce, su tafi likitar Tanut yanzu rana na sama. Ila ya yi dariya. Mutum ne mai son wasa, ko a ranar ba ta bar shi ba.

"Malamar lakwal, wannan ƴar abar? Ko Indo ta fi ta cizo lokacin da take haƙora."

Indo ita ce ƴarsu ta fari. Nafisa ba ta yi dariya ba. Ta ce to ko igiyar a kwance, hannun ya fara baƙi. Ya ce wanda ya ɗaura shi zai kwance.

Ranar ya ci tuwo, ya zauna ƙofar gida ana ta zuwa duba shi. Kowa ya zo sai ya yabi Ɗan Azumi. Hannun ya kumbura har gwiwa, amma Ila yana ta ba da labarin yadda ya take macijin, kowane zuwa macijin yana ƙara tsawo. Nafisa kaɗai ke kallon tsumman da aka naɗe tsagar da shi. Ta canza shi, ya jiƙe. Ta sake canzawa, ya jiƙe. Tsagar aska ce ƴar ƙarama, irin wadda wanzami ke yi ta bushe kafin a gama aski, amma wannan ta ƙi tsayawa.

Washegari da safe ta gan shi bayan ɗaki yana asuwaki. Ya tofar, ta ga ja. Ya sa ƙafa ya rufe da ƙasa, yana zaton ba ta gani ba.

Ba ta tsaya yi masa magana ba. Ta ɗauki mayafi ta nufi sashen Usman, yayan Ila, wanda shi ne babban gida tun rasuwar mahaifinsu. Ba ta taɓa tsayawa gabansa ta yi doguwar magana ba. Ta durƙusa daga nesa, ta gaishe shi, ta gaya masa abin da ta gani. Ta gaya masa labarin kawunta. Ta ce Rissa, Ba'abzinen makiyayi da ke sauka da raƙumansa a gonarsu duk kaka don cin kara, yana da moto, wato babur, kuma ba zai ƙi ba.

Usman bai yi mata tsawa ba. Da ma tsawa ya yi, da ta sami abin riƙewa. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya tambaye ta ko Indo ta sha ƙwarya bana. Ta ce ta sha. Ya tambaya ina Indo take yanzu. Ta ce tana gona, tana kalar zangarniya da sauran yara.

"To kin gani. Gari duka yana gona. In kika sa aka yi masa allura, ƙwarya ta fashe. Duk wanda aka sara daga yau har a rufe rumbu, a wuyanki yake. Ƙanena ne, na fi ki daɗewa da shi. Amma ba zan kwance rigar mutum ɗari in rufe mutum ɗaya ba."

"Yaya, ba riga ba ce. Ruwan sassaƙe ne."

Ya dube ta kamar yadda ake duban mai zazzaɓi yana sambatu. Ya ce ta koma ɗakinta, jinin baki dafi ne ke fita, haka Ɗan Azumi ya ce.

Ta koma wurin mijinta. Wannan karon bai yi wasa ba. Ya ce ya ji ta, kuma ya san don shi take yi. Amma in ya tafi ya warke ya dawo, aka sari ɗan wani, da wane ido zai shiga masallaci? Wa zai aura wa ƴaƴansa ƴaƴa? Ya ce gara ta bari a ga abin da Allah zai yi. Yana magana jini na taruwa a gefen bakinsa, yana sharewa da bakin riga.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne babu mugu ko ɗaya a cikinsu. Matan gida suna kawo kunu, maƙwabta sun haɗu sun kwashe masa sauran damin da ke gona, liman ya zo ya yi addu'a. Kowa na son Ila. Sun kewaye shi da alheri, sun tare duk hanyar da za ta fitar da shi.

Da rana ta je rijiya, ta tarar da Rissa yana shayar da raƙuma. Ya riga ya ji. Ya ce a wajensu ma akwai masu tsaga da ƙaho, amma shi tun da ya binne ɗan'uwansa ya sayi takalmin roba mai tsawo, ba ya kuma kwana a ƙasa in akwai abin hawa. Ya ce moto na nan da mai a ciki, ko yanzu ne. Sai dai shi baƙo ne, ba zai shiga gidan mutane ya ɗauki namiji ba tare da yardar babban gida ba. In ya yi haka, baɗi babu gonar da za ta karɓi raƙumansa a duk yankin.

Ta je gidan Ɗan Azumi da kanta. Ta ce, Baba, ko akwai wata hanya, ko da wani abu za a yanka. Tsohon ya ce babu. Ya ce ita yarinya ce, ba ta san nauyin abin da yake ɗauke da shi ba. Ya ba ta ƙullin gari ta dama wa mijinta.

Aka sake kwana. Fitsarin Ila ya koma ja. Wani tsohon tabo a ƙaurinsa, na faɗuwa daga amalanke tun bara, ya buɗe da kansa. Ya fara cewa kansa zai tsage. Bayan nan ya daina gane masu shigowa, ya kira Indo da sunan mahaifiyarsa da ta daɗe da rasuwa.

Sai ga Ɗan Azumi da safe, ba wanda ya aika kiransa, riƙe da tsohuwar ƙwaryar. Ya duba idon Ila, ya duba dasashinsa, ya fita ya yi ƙus-ƙus da Usman. Suka dawo tare. Tsohon ya ɗebi ruwa, ya wanke wa Ila baki, ya tara ruwan a ƙwarya, ya fita ya zubar bayan danga. Ya ce ya cire shi. Daga yanzu Ila ba ya cikin ƙwarya, allura ba za ta taɓa kowa ba sai shi kaɗai. In iyalinsa na son likita, su kai shi.

Nafisa tana tsaye bakin ƙofa. Ta ce, ba tare da ta durƙusa ba:

"Baba, ashe ana cirewa?"

"In ta kama."

"Jiya ba ta kama ba? Shekaranjiya, da yake tafiya da ƙafarsa, ba ta kama ba?"

Usman ya ce ta kame bakinta, ba a yi wa dattijo haka. Ɗan Azumi ya shiga goge ƙwaryarsa da gefen riga. A nan ta gane yadda aka yi tun kakanni ba a binne wanda yake cikin ƙwarya ba. Ba a barin kowa ya mutu a ciki.

Rissa ya kawo moto ƙofar gida. Aka ɗora Ila a tsakiya, aka ɗaure shi da rawani a bayan Rissa, Nafisa ta hau baya ta rungume shi. Hanyar yashi ce, moto na nutsewa yana fita. Kan Ila na bugun kafaɗarta. Ta yi ta yi masa magana a kunne, tana gaya masa hatsi ya shiga rumbu, Indo ta tara zangarniya cike da kwando. Ba ta san ko yana ji ba.

A Tanut ba a ɓata musu lokaci ba. Majon wurin ya ɗebi jinin Ila a ƴar kwalba ya ajiye, bayan wani ɗan lokaci ya karkata ta. Jinin ya gangaro kamar ruwa. Kafin nan ma an riga an sa masa maganin dafi a cikin ƙarin ruwa. Majo ya kwance tsumman, ya ga tsagar aska da shatin igiya a dantse, ya tambayi yaushe aka sare shi. Ta faɗa. Bai yi mata faɗa ba. Ya ce jini ya riga ya zuba a cikin kai, kuma wannan maganin dafi ba ya kwashe shi. Za su yi abin da za su iya.

Ta tambaye shi abu ɗaya. Da sun zo ranar farko fa?

Ya nemi yadda zai sassauta. Bai samu ba.

"Maganin yana nan tun ranar, baiwar Allah. A wannan firjin yake."

Ila ya cika kafin la'asar.

A zaman makoki, Nafisa na cikin ɗaki tana jin maganar maza ta bayan zana. Wani ya ce mutum ya yi kwanaki a hannun Ɗan Azumi yana ci yana dariya, ya je likita ko yini bai yi ba. Wani ya ce ai allura da dafi ba sa haɗuwa, an sha faɗa. Wani ya ce Allah dai ya saka wa tsohon, da bai yi dabarar cire shi ba da yanzu gari duka na tsirara. Ba wanda ya ambaci sunanta. Ba sai sun ambata ba.

Ta gama takaba a gidan. Ba ta koma Gangara ba, don Usman ya ce ƴaƴan ƙanensa ba za su bar gidan ubansu ba, ita kuma ba za ta tafi ta bar su ba. Duk damina ta yi ta koya wa Indo. Ki sa takalmi ko ana miki dariya. Kada ki zura hannu inda idonki bai shiga ba. Ki fara juya dami da sanda. Yarinyar takan ce to.

Da zangarniya ta sake nuna, Ɗan Azumi ya fito bakin rijiya da ƙwaryarsa. Nafisa ta ce ita da ƴaƴanta ba za su je ba. Usman bai yi gardama da ita ba. Ya shigo, ya ɗauki ƙaramin ɗanta a kafaɗa, ya kama hannun Indo, suka fita. Tana jin hayaniyar layi daga tsakar gida, yara na yatsine fuska saboda ɗaci, manya na musu dariya.

Washegari ta bi Indo gona. Ta hango ta daga nesa cikin sauran yara, takalman na rataye a wuyanta da igiya don kada a tsokane ta. Sandar da ta yanko mata tana yashe a bakin kunya. Yarinyar ta sunkuya gaban wani dami da ya kwana a ƙasa.

Nafisa ta kira sunanta. Indo ta waiwayo tana murmushi, irin murmushin ubanta.

"Inna, ai na sha," ta ce, ta zura hannu.