Kwamfuta Ashirin, Kamfaila Ya Ɓuya

Saura minti ashirin a fara jarrabawa, kwamfuta ashirin duk bakinsu ɗaya: ba su san wani abu wai shi kamfaila ba. Shi ne kuwa manhajar da ke mai da rubutun ɗalibi shirin da zai yi aiki. In babu shi, babu jarrabawa, ɗaliban Malama mai koyar da kwamfuta sai baɗi.

Jami'ar da aka turo sa ido ta riga ta zaro takardar sokewa tana kaɗa biro.

Yayan Malama, wanda shi ne injiniyan makarantar, gumi har ƙeya. "Wallahi jiya da hannuna na sa shi, na gwada, ya yi! Bari in goge in sake."

"Sau nawa ka sake, Yaya?" in ji Malama.

"Uku."

"To ya isa haka."

Malama ko gezau. Ta ja kujera, ta buɗe folda, ga kamfaila zaune lafiyarsa ƙalau. Ashe ba ɓata ya yi ba, kwamfutar ce ba a gaya mata inda yake ba. Akwai jerin hanyoyin da take bi in an kira manhaja, abin da ba ya cikin jerin kuwa ko a gaban hancinta yake ba ta ganinsa. Yaya, sarkin sauri, a asusunsa na mai kula kaɗai ya rubuta hanyar, su kuwa ɗalibai da nasu asusun suke shiga.

Ta miƙa masa madannan rubutu ya sa kalmar sirrinsa ta mai kula, yana karewa da kafaɗa yadda ya saba. Ta ƙara hanyar foldar a jerin na'ura gaba ɗaya, ta kira kamfaila a baƙar tagar da ake rubuta umarni. Bai amsa ba.

"Kin gani ko?" in ji Yaya.

"Tsohuwar taga ce, ba ta ji labari ba." Ta rufe baƙar tagar, ta buɗe sabuwa, ta sake kira. Sai ga lambar sigarsa ta fito ras.

Jami'a ta duba agogo. "Ɗaya kenan, Malama. Saura sha tara, minti takwas."

Malama ta miƙe. "Kowa ya zauna a gaban tasa, ni zan faɗa ku yi. Yaya, rubuta kalmar sirrin a allo."

Kai, sai ka ce ransa ta nema! Shekara shida yana ɓoyon kalmar nan, ko ita ƙanwarsa bai taɓa ba ta ba.

"Haba, a allo? Gaban yara?"

"Ka canza ta da la'asar. Shekararsu fa ba ta canzuwa."

Ya dubi ɗaliban, kowa ya zuba masa ido. Kunya ta kama shi, tausayi ya fi ta ƙarfi. Ya ɗauki alli ya rubuta da manyan baƙaƙe yadda na bayan aji zai gani.

Malama ta rinƙa faɗa ɗaya bayan ɗaya, hannuwa na tashi, wannan ya ce ta yi, waccan ta ce ta yi. Da hannu na ƙarshe ya tashi, jami'a ta ninke takardarta ta jefa a jaka.

"Ku fara," ta ce.